Zuriya Guda Cikin Zuriyoyi: Bayani a Kan Cutar Ƙunar Alkama

Cutar ƙunar alkama wata irin fumfuna ce ke kawo ta, wadda masana ke kira Magnaporthe oryzae. Takan kama zangarniya ta toshe hanyar abinci, sai abin da ke sama da wurin ya yi fari fat, ƙwaya ta motse ko kuwa ta ƙi cika sam. Har wa yau takan ɓuya a jikin ƙwayar, ta bi iri ko hatsin sayarwa zuwa wata ƙasa.

Sunan fumfunar guda ne, amma zuriyoyinta da yawa, kowace da tsiron da ta saba ci: wata shinkafa, wata tamba, wata ciyawar daji. Bambancin yana cikin ƙwayoyin gado. Tsiro yakan gane maƙiyinsa ta wata alama da fumfunar ke fitarwa, sa'an nan ya tare shi. In alamar ta sāke ko ta ɓace, tsiron ba ya farga sai cuta ta ci ƙarfinsa.

A jihar Parana ta ƙasar Burazil aka fara ganin cutar a alkama, cikin 1985. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna dalili. Manoma sun yawaita shuka irin alkamar da ba shi da ƙwayar kariya mai suna Rwt3, sai fumfunar ta sami wurin zama. Daga bisani ta yar da alamarta mai suna PWT3, ta iya kama sauran irin alkama. Daga nan ta bazu Bolibiya da Faraguwai da Ajantina, zuriyarta ta yi rassa masu yawa.

A 2016 cutar ta ɓulla Bangaladash, ta taɓa kimanin hekta 15,000. A daminar 2017 zuwa 2018 kuma aka same ta a gundumar Mpika ta Zambiya, watau farkon ganinta a Afirka. Da aka gwada ƙwayoyin gadonta, sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna reshe guda ne, mai suna B71, ya fito daga Amurka ta Kudu ya shiga ƙasashen nan biyu, kowace ta hanya dabam.

Wannan ƙarancin bambanci sauƙi ne ga masu kyautata iri, gama ƙwayar kariya guda, Rmg8, tana gane reshen, maganin feshi na jinsin sitirobilurin kuma yana kashe shi. Amma fa sauƙin ba mai tabbata ba ne. A Burazil an riga an sami rassan da maganin nan ba ya ci. Banda haka, a ɗakin gwaji B71 ta yi barbara da zuriyar da ke cin tamba a Afirka, abin da ke iya haifar da sabon reshe wanda ba a shirya masa ba.

Saboda haka sanin sunan cuta kaɗai bai isa ba, sai an san reshenta. Ƙasar da ke sayen alkama daga waje lalle ne ta binciki irin da ke shigowa, ta kuma guji dogara ga ƙwayar kariya guda a gonakinta duka.