Yadda Za Ka Sa AutoCAD Ya Zana Maka Kanal da Jinga da Kansa

Mafi yawan masu amfani da AutoCAD a wajenmu da linzamin kwamfuta kaɗai suka san shi: a danna nan, a ja layi can. Alhali manhajar tana karɓar umarni a rubuce, kuma duk abin da hannunka ke maimaitawa sau ɗari za ka iya rubuta shi sau ɗaya ka bar mata. Ga mai zanen gidan ɗaki uku wannan sauƙi ne kawai. Ga wanda ke zanen aikin ruwa a fadamar Haɗejiya kuwa maganar ta wuce sauƙi.

Dalili shi ne yanayin ƙasar. Ruwan da ake saki daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, da ta Challawa ta 1992, yana gangarowa ne ya zo ya tarar da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wadda gangararta ba ta taka kara ta karya ba. Shi ya sa kogin ke rarrabuwa, kacala ta toshe hanyoyinsa, kuma da damina ta yi ƙarfi kamar ta 2020 da 2022 sai a koma ɗaukar buhunan ƙasa ana ƙara jinga. A irin wannan wuri, a ce an tsara kanal da gangarar 1 cikin 5000, ma'ana santimita 20 kacal yake sauka a kowace kilomita. Idan mai zane ya kwafi 352.48 ya rubuta 352.84, ya ɗaga gindin kanal da santimita 36, wato ya cinye gangarar kusan kilomita biyu da lamba ɗaya. Ruwa ba ya hawa tudu don an yi masa zane mai kyau. Manomin da gonarsa ke ƙarshen layin shi zai ji a jikinsa.

To ayyuka irin na noman rani na kwarin Haɗejiya da ke yankin Auyo, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, duk a kan irin waɗannan lambobi suke tsaye. Mai safiyo ya dawo daga fili da ɗaruruwan maki, kowanne da lambar gabas da ta arewa da tsayinsa. Kanal mai kilomita 5 da aka auna a kowace mita 50 yana da yanka 101, kowanne da nasa zane. Mutum ne zai zauna ya shigar da su ɗaya bayan ɗaya, da dare, yana sauri kafin cajin laftof ya ƙare. A nan ne kuskure ke shiga, kuma a ganina kawar da wannan kwafe-kwafen ya fi saurin da ake yawan yabawa muhimmanci.

Mataki mafi sauƙi bai ma buƙatar ka iya rubuta manhaja. AutoCAD na karanta fayil na rubutu zalla wanda sunansa ya ƙare da .scr, ya bi abin da ke ciki layi-layi tamkar kai ne kake bugawa. A ce a Excel lambar gabas tana B, ta arewa tana C, tsayi yana D. A wani gurbin sai ka rubuta:

="POINT "&B2&","&C2&","&D2

Ka ja shi ƙasa har ƙarshen makin. Kowane layi zai fito kamar haka:

POINT 613240.5,1377110.25,352.48

Ka kwafe su zuwa Notepad, ka adana da suna irin kanal.scr, sannan a cikin AutoCAD ka rubuta SCRIPT ka zaɓi fayil ɗin. Kafin ka ɗaga kofin shayi an gama. Idan ba ka ga komai ba kada hankalinka ya tashi: ka sa PDMODE ya koma 3 don makin su fito da alamar gicciye, ka yi ZOOM da E.

Akwai tarko biyu a nan. Na farko, a cikin irin wannan fayil duk tazarar da ka bari daidai take da danna Enter, haka ma layin da ka bari babu komai, don haka tazara ɗaya ta ƙari tana iya rikita duk abin da ya biyo baya. Na biyu ya fi mugunta domin ba ya nuna kansa. Idan tsarin nan da ke manna linzami a jikin layi mafi kusa yana kunne, AutoCAD zai iya janye makinka daga inda ka ce ya manna shi a wani abu da ke kusa. Maganinsa layi ɗaya a farkon fayil: OSMODE 0.

Fayil ɗin .scr ba ya lissafi, ba ya tambaya, ba ya yanke shawara. Idan kana son wannan sai ka shiga AutoLISP, yaren da aka dasa a cikin AutoCAD tun 1986, shekara huɗu bayan kamfanin Autodesk ya fitar da manhajar a 1982. Asalinsa daga LISP ne, wanda John McCarthy ya ƙirƙira a Amurka a 1958, saboda haka ya girmi iyayen da yawa daga cikinmu. Kamanninsa kan firgita sabon shiga saboda yawan baka, amma ƙa'idarsa ɗaya ce: aikin da za a yi ne ke zuwa farko, abin da za a yi wa aikin ya biyo baya. Ka buga (+ 2 3) a layin umarni na AutoCAD yanzu, zai ba ka 5.

Yanzu ka buga (/ 1 5000). Zai ba ka 0. Ba lalacewa ya yi ba. AutoLISP idan ya ga cikakkun lambobi biyu, cikakkiyar amsa yake bayarwa ya zubar da ragowar. Sai ka rubuta (/ 1.0 5000) kafin ya ba ka 0.0002. Mai karatu ya duba abin da wannan ke nufi ga kanal ɗinmu na ɗazu: gangara ta zama sifili, kuma manhajar za ta zana maka yanka 101 tsaf-tsaf, duka a tsayi ɗaya, ba tare da ko gargaɗi ba. Kuskuren hannu wuri ɗaya yake ɓatawa, na rubutaccen umarni kuwa ko'ina yake bi. Don haka duk sabon umarnin da ka rubuta, ka fara gwada shi a kan yanka biyu ko uku da ka riga ka lissafa da kalkuleta. Misali kanal mai faɗin gindi mita 2, zurfi mita 1.2, gefensa na kwantawa mita 1.5 a kowace mita ɗaya ta tsayi, faɗin yankansa murabba'in mita 4.56 ne. In umarninka ya ba da wani abu daban, kada ka sake shi a kan sauran.

Da kalmar defun ake ƙirƙirar sabon umarni, kuma idan sunan ya fara da c: sai ya zama kamar na asali. Wato in ka sa masa c:yanka, daga ranar kana rubuta YANKA zai tambaye ka faɗi da zurfi da gangara, ya karanta fayil ɗin safiyo, ya zana, ya rubuta tsayin kowane wuri a leyar da ta dace. Ana adana shi da .lsp a loda da APPLOAD. Shawarata ita ce kada ka fara da wannan babban. Fara da abin da ya fi gundurarka, ko da rubuta lambar tsayi a gefen maki ne.

Abu ɗaya da babu umarnin da zai gane maka shi ne ma'aunin da aka ɗauki makin da shi. Tsofaffin taswirun Najeriya a kan ma'aunin Minna suke, na'urorin GPS kuwa da WGS84 suke fitowa. Haɗejiya tana shiyya ta 32 a duka biyun, lambobin kuma sun yi kama sosai, amma tsakaninsu akwai tazarar gomman mitoci a ƙasa, wadda ta isa ta kai jinga cikin gonar wani. Haka nan wasu na'urorin safiyo lambar arewa suke fara fitarwa kafin ta gabas, alhali AutoCAD gabas yake jira da farko. Tambayi mai safiyon, kada ka yi zato.

Batun kuɗi kuma: tun 2016 Autodesk ta daina sayar da lasisin dindindin, sai biyan haya, ga kuma yadda dala take. Ɗalibai, irin na kwalejin Binyaminu Usman da ke nan Haɗejiya, suna iya neman lasisin karatu kyauta. AutoCAD LT mai rahusa ya fara karɓar AutoLISP daga fitowar 2024, kuma BricsCAD da ZWCAD suna gudanar da yawancin fayilolin .lsp. Wanda ya iya Python yana da ezdxf, kyauta ne, yana rubuta zanen DXF ko da babu AutoCAD a kwamfutar.

Sai gargaɗi ga masu yawo da filashi daga shagon buga takardu zuwa ofis. AutoCAD yana loda fayil mai suna acaddoc.lsp da kansa duk lokacin da aka buɗe zane, kuma masu ƙwayoyin cutar kwamfuta sun daɗe da sanin haka. A 2012 kamfanin ESET ya bankaɗo wata mai suna ACAD/Medre.A da aka rubuta da AutoLISP, wadda ta riƙa satar zane-zane, akasari a ƙasar Peru, tana aikawa da su ta imel zuwa Sin. Daga fitowar 2014 aka ƙara SECURELOAD da TRUSTEDPATHS don manhajar ta riƙa tambaya kafin ta loda abin da ba ta sani ba. Ka bar SECURELOAD a kan 1, ka ware folda guda ta umarninka ka sa ta a TRUSTEDPATHS. In an ba ka zane ka ga acaddoc.lsp ko acad.lsp a gefensa ba kai ka ajiye ba, buɗe shi da Notepad tukuna ka ga abin da ke ciki.