Kaka a Gandunmu na Wurno

Da gero ya nuna a watan Satumba, babu mai barcin safe a gidanmu. Ana sallame asuba Baba zai ce, "Ku tashi, samari, rana ba ta jira." Sai kowa ya ɗauki magirbinsa mu nufi gandu.

Aikin yana da tsari. Mukan fara kwantar da kara ya sha iska, sannan mu bi muna yanke zangarniya muna ɗaure dami. Da hantsi ƙannena kan kawo furar Inna, mu sha a gindin tsamiya. Kafin la'asar jakuna sun fara jigila zuwa gida.

Ba a sa hatsi a rumbu sai Baba ya ƙirga da kansa. Cikin kowane dami goma, ɗaya na zakka ne, domin ruwan sama ya shayar da shi. Daga nan sai sussuka da shiƙa, mata na daka, ƙaiƙayi na tashi.

Dawa da wake kan biyo baya. Kafin mu huta, fadamar Rima ta kira mu: shinkafa, albasa da tafarnuwa, da ruwan madatsar Goronyo da aka kammala a 1984.

Abin da ke damuna shi ne danginmu na ƙauyukan Rabah da Goronyo, waɗanda tsoron 'yan bindiga ya raba da gonakinsu na nesa. Wanda ya sha wahalar noma ya cancanci ya girbe cikin kwanciyar hankali. Allah Ya ba mu zaman lafiya.