Ko Kun Sani? Inda Ake Binne Itacen Inabi Da Ransa

A yankin Ningxia da ke arewa maso yammacin ƙasar Sin, manoma kan binne itatuwan inabinsu duk shekara. Sanyin hunturu a can yakan kai digiri 20 ƙasa da sifili, ga busasshiyar iska mai kashe reshe. Don haka da Nuwamba ta kama, sai a kwance rassan daga jikin waya, a kwantar da su, a tula musu ƙasa. Ba a tono su sai wajen Maris ko Afrilu. Tun itatuwan suna ƙanana ake karkatar da gindinsu, don kada su karye wajen lanƙwasawa.

Gonakin suna gindin tsaunukan Helan, sama da mita 1,000 daga doron teku. Ruwan sama bai cika wuce milimita 200 a shekara ba, shi ya sa ake ban ruwa daga Rawayen Kogi. Zafin rana da sanyin dare su ke sa 'ya'yan su nuna sannu a hankali, zaƙi ya taru, tsami bai gushe ba.

Sunan yankin ya fito a 2011, lokacin da giyar inabi ta Jia Bei Lan ta lashe babbar lambar yabo a gasar mujallar Decanter ta Birtaniya. A 2021 gwamnati ta tsara samar da kwalabe miliyan 600 na giyar inabi a shekara a yankin nan da 2035.