Baƙuwa ba takarda, ga naƙuda: wa zai biya?

A ƙarshen daminar bara, ranar zubi, wata ƙungiyarmu da ke wani ƙauye tsakanin Konni da Malbaza ta kai har magariba ba ta naɗe tabarma ba. Zubi ya cika, masu bashi sun biya, tarar masu latti ma ta shiga kwano. Abin da ya riƙe mata a wurin jika goma sha biyar ce da ta fita daga asusun taimako cikin dare.

Ga yadda abin ya faru. Wata mata ce daga wajen Tangaza, cikin jihar Sakkwato, ta gudo da ɗiya uku da tsohon ciki bayan 'yan bindiga sun tashi garinsu. Ta sauka gidan wata 'yar ƙungiya da suke da dangantaka ta wajen uwa. Ba ta da katin ɗan ƙasa, na can ko na nan, karnen awon cikinta ma ya tsaya a ɗakin da ta bari. Da naƙuda ta yi tsanani, ungozomar CSI ta ce wannan ta fi ƙarfinta, sai an kai ta babbar likita. Ana bukatar kuɗin mota da na abincin mai jinya da ɗan abin riƙewa a hannu. Aka tada mata uku masu riƙe makullan akwati, aka buɗe, aka ƙirga a hasken tocila. An yi mata aiki, ta samu ɗiya mace, su biyun suna nan lafiya.

Ranar taro sai magana ta tashi. Wata dattijuwa da ta fi shekara goma tana zubi ta ce: "Ni ban ce a bar ta ta mutu ba, Allah shi kiyaye. Amma kuɗɗin ga mu munka tara su, dala ashirin-ashirin. In ɗana ya faɗi gobe, akwati wayam, wa zan kama?" Mai masaukin ta amsa: "Inna, da ke ce kika ƙetara Ilela da ciki wata tara, mi kike so a yi miki?" Kowace ta samu masu goya mata baya, kuma a gaskiya babu wadda ta faɗi ƙarya.

Mun kawo labarin ne saboda irin wannan gardama ce manyan ƙasashe suke yi shekara da shekaru, sai dai tasu a majalisa ake yinta. A Amurka, gyaran tsarin lafiya da shugaba Obama ya sa wa hannu a 2010 ya buɗe wa miliyoyin mutane hanyar samun inshora, amma ya bar baƙin da ba su da takardun zama a waje. Duk da haka akwai wata doka tun 1986 da ta hana asibiti korar wanda ya zo cikin halin gaggawa ko mace mai naƙuda, ko da takarda ko babu. A Faransa, tun 2000 gwamnati ke ɗaukar nauyin maganin baƙi marasa takarda masu ƙaramin ƙarfi. A watan Nuwamba na 2023 majalisar dattawansu ta ƙuri'anci a rage tsarin ya koma na gaggawa kaɗai, likitoci da yawa suka tashi suka ce ba su yarda ba, kuma ragin bai shiga dokar ƙarshe ba. Masu son a rage suna cewa tukunya ƙarama ce, 'yan gida ne suka zuba. Masu son a bari suna cewa ciwon da aka ƙi kulawa da wuri yana dawowa da tsada, kuma yana yaɗuwa.

To, mu a nan Nijar me ke akwai? Tun zamanin shugaba Tandja Mamadu, wajen 2005 da 2006, aka ce aikin fiɗa na haihuwa kyauta ne, haka awon ciki da tsarin iyali da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A watan Agusta na 2024 gwamnatin Janar Tiani ta yanke shawarar rage kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje a asibitocin gwamnati, ta kuma ce haihuwa kyauta ce, aka fara aiki da shi ranar 1 ga Satumba. Abin da muka saba gani a CSI da ƙananan likitocin ƙauye shi ne ana tambayar karnen yaro ko na awon ciki, wadda ba ta da shi a buɗe mata sabo.

Sai dai kowace mace a cikinmu ta san kyautar nan tana da iyaka. Tsarin shi ne likita ta yi magani, ta rubuta, gwamnati ta mayar mata da kuɗin daga baya. Shekaru da dama biyan nan yana jinkiri, kuma in ya yi jinkiri magani ya ƙare a kanta, sai a miƙo mana takarda mu je famasi mu saya. Ga kuɗin kabu-kabu ko man mota, ga abinci, ga kwanakin da aka yi ba a je kasuwa ba. Wannan giɓin ne asusun taimako yake cikewa. Shi ya sa tsoron dattijuwar nan yake da tushe: in masu bukata sun ƙaru, zubi bai ƙaru ba, wata rana za a buɗe akwati a tarar da iska.

Amma mu dubi inda muke zaune. Daga Konni zuwa Ilela ta Najeriya tafiyar 'yan mintoci ce a kan babur. Wace ce a cikinmu ba ta da ɗiya ko ƙanwa ko kishiyar uwa a wancan gefen? Albasar Galmi can take bi, kayan ɗakin 'yan matanmu daga can suke zuwa. Asibitin Galmi, da aka buɗe tun 1950, ya daɗe yana karɓar marasa lafiya daga Najeriya, mu ma in ciwo ya gagara mukan ɗauki namu zuwa asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Mun ga abin da rufe iyaka ya yi mana daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, muka sake gani bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Tun 2019 kuma mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suke gudowa jihar Maraɗi, daga baya har Bangi ta gundumar Madawa, nan kusa da mu. Ƙyanda da sanƙarau da shan inna ba sa tsayawa wurin 'yan duwan. Yaron baƙuwa da ba a yi wa rigakafi ba, da namu yake wasa a ƙofar gida.

Maganar takarda ma ta ƙara nauyi. Nijar ta kammala fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairu 2025, kuma a cikin watan ne gwamnati ta fitar da sabuwar doka kan shigowa da zaman baƙi. Wasu matan da suka gudo sun ji labarin sama-sama, suna tsoron zuwa awo kada a tambaye su abin da ba su da shi. Mace ta zauna gida da kumburin ƙafa da ciwon kai har jijjiga ta kama ta, wannan shi ne abin da ya fi ba mu tsoro. Kuma mu faɗi gaskiya, a ƙauyukan Ilela tamu ta nan Nijar da na Malbaza, mata nawa ne aka haifa a nan, iyaye da kakanni duk a nan, amma ba su da takardar haihuwa? In an ce sai mai takarda za a duba, wasunmu ne za su fara tsayawa a bakin ƙofa.

Ƙungiyar da muka fara da labarinta ba ta rabu a kan gardamar ba. Sai da suka yi zama uku kafin su daidaita, ga abin da suka tsayar. Asusun taimako na 'yan ƙungiya yana nan yadda yake, ba a taɓa shi don wanda ba ya ciki. Sun buɗe wani kwano dabam, suka sa masa suna kwanon baƙo, kowace ta jefa dala biyar ko goma ranar zubi in ta samu, a lokacin kaka kuma a kawo tiya ɗaya ta hatsi a sayar. Abu biyu kaɗai ake fitar da kuɗinsa a kai: kai mai naƙuda likita, da yaron da ciwo ya kayar. Dattijuwar da ta fara ƙorafi ita aka ba riƙon kwanon, ta kuma karɓa da sharaɗin a rubuta komai a littafi. Baƙuwar da aka taimaka yanzu tana soya ƙosai bakin hanya, ta biya jika tara cikin goma sha biyar ɗin, kuma da aka raba akwati aka fara sabon zagaye, da ita aka fara.

Tun da aka soma Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, kowace ƙungiya ita ke rubuta dokarta da bakinta, don haka ba mu ce kowa ta kwafi wannan ba. Abin da muke roƙo shi ne a yi maganar tun kafin dare ya same mu da mai naƙuda a zaure. In akwai baƙuwa mai ciki a unguwa, ɗaya daga cikinmu ta raka ta awo na farko, don mai rakiya tana rage tsoro. In ta haihu, a tuna mata ta karɓi shaidar haihuwa a likita, a kai wurin magajin gari cikin kwana sittin, tun ba a kai ga zuwa kotu ba. Waɗanda rikici ya koro, a nuna musu hanyar yin rajista da ma'aikatan gwamnati da na HCR masu kula da 'yan gudun hijira. Ranar da masu rigakafi ko masu rabon maganin zazzaɓin damina suka zo, a fito da yaran gidan duka, har da na baƙi. Wakilanmu da ke zama cikin kwamitin kula da CSI kuma su riƙa tambayar manjo, cikin ladabi, mene ne kyauta, mene ne na biya, su dawo su faɗa mana ranar zubi.

Ƙungiyar da ta riga ta gwada wata dabara a kan wannan, ta ba wakiliyarta ta kawo mana a taron gunduma mai zuwa, za mu sa a fitowa ta gaba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya mayar da waɗanda suka baro gida gidajensu cikin kwanciyar hankali.