Kaitin: Kayan Amfani Daga Ɓawon Jatan Lande da Ƙaguwa

Manufar wannan takarda ita ce bayani a kan sinadarin kaitin, da dalilin da ya sa masana ke ganin zai iya maye gurbin leda da roba a wasu wurare. Kaitin shi ne abin da ke ƙarfafa ɓawon ƙaguwa da jatan lande da ƙwari. Duk wanda ya taɓa cire fiffiken fara kafin ya ci, ya riƙe shi a hannu. Idan aka ɗebe selulos, watau ɓargon itace da auduga, babu wani sinadari irinsa da ya kai shi yawa a doron ƙasa.

Wani Bafaranshe, Henri Braconnot, shi ya fara tace shi daga naman kaza a 1811. A 1823 Auguste Odier ya same shi a jikin ƙwari, ya raɗa masa suna daga kalmar Girkanci mai nufin riga. Sai dai kaitin ba ya narkewa a ruwa, saboda haka aka daɗe ba a san yadda za a sarrafa shi ba. A 1859 Rouget ya dafa shi da kanwar fotash mai ƙarfi, ya sami abin da daga baya aka kira kaitosan, wanda ke narkewa ko a cikin ruwan khal. Da wannan ne ake zuba fallen da ake naɗe abinci, ake kuma murza zare.

Amfaninsa ya samo asali ne daga wata sifa guda: a cikin ruwa mai tsami yana ɗauke da cajin lantarki mai jawo ƙazanta da ƙwayoyin jini. Don haka ne a Japan, tun shekarun 1970, aka riƙa tace ruwan masana'antu da shi. Haka kuma sojojin Amurka sun yi amfani da bandejin kaitosan wajen tsayar da jini a yaƙin Iraƙi na 2003. A 2011 masu bincike a Jami'ar Harvard suka haɗa shi da furotin na siliki, suka fitar da wani falle mai ƙwari da ƙasa ke cinyewa. Ga garuruwanmu, inda leda ke toshe kwata tana kuma kashe awaki, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

To, amma fa akwai abin dubawa. Kafin a sami kaitin sai an jiƙa ɓawon a asid domin cire allinsa, sa'an nan a dafa shi da soda domin cire furotin. Kaitosan kuwa yana bukatar soda mai kaurin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Ruwan da ke fita daga wannan aiki guba ne idan aka zubar da shi a kogi. A ganina, kiran abu mai ɗorewa alhali ana ɓata ruwa wajen yin sa gyaran gangar auzinawa ne. Bugu da ƙari, fallen kaitosan yana tsotsar laima, ba ya jure damina kamar leda. Shi ya sa bincike ya karkata ga barin ƙwayoyin bakteriya masu tsamar da nono su narkar da allin, da kuma samo kaitin daga ƙwarin da ake kiwo domin abincin kaji.