Yadda ake amfani da dabbobi don buɗe bakin yaran da magana ke yi wa wuya

Kusan kowane gari akwai yaron da ya kai shekara 3 ko 4 bakinsa bai buɗe ba, ko mai i'ina da ya gwammace ya yi shiru don kada a yi masa dariya. A Amurka da Turai akwai ma'aikatan lafiya da aikinsu shi ne gyaran magana, waɗanda ake kira ortofonis da Faransanci. Wasunsu na shigo da kare ko doki cikin aikin.

Ana danganta farkon abin da wani masanin halayyar yara na Amurka, Boris Levinson. Ya lura cewa wani yaro da ya ƙi yi masa magana ya saki jiki da karensa mai suna Jingles, daga nan hira ta samu. Ya rubuta bayani a kan haka a 1962. A 1999 kuma aka soma wani shiri a birnin Salt Lake City, inda yara ke karanta littafi da ƙarfi a gaban karnukan da aka horar.

To mene ne sirrin? Dabba ba ta dariya, ba ta cewa "sake faɗi", ba ta gaggauta kowa. Yaron da ke jin tsoron idon manya yakan samu natsuwa kusa da ita. Abu na biyu, tana ba shi dalilin yin magana. In ya ce wa kare "zauna" ya ga ya zauna, nan take ya gane cewa kalmarsa na da amfani, sai ya so ya ƙara. Mai gyaran maganar shi ke zaɓar kalmomin: yau "zo", gobe "zo nan", jibi "kawo ƙwallo".

Aikin doki daban ne. Tafiyarsa na kaɗa ƙugun mahayi kamar yadda ƙugun mutum ke motsi in yana tafiya, yaro ya miƙe zaune, ya riƙe wuyansa, ya daidaita numfashi, ita kuwa murya da numfashi take fita. Shi ya sa ake gwada shi ga yaran da jikinsu ba ya da ƙwari.

Sai dai a kiyaye, dabbar ba magani ba ce. Binciken da aka yi har yanzu a kan yara kaɗan ne, kuma abin da ya fi nunawa shi ne yaro na ƙara sha'awar zaman da yawan yunƙurin magana. Ainihin aikin na mutumin da ya koyi sana'ar ne.

A nan ƙasarmu masu wannan sana'a ƙalilan ne, kare kuma na tsaron gida ne da garke. Amma bisashe muna da su a tsakar gida, kuma ana iya aron dabarar. Uwa ko kaka ta ɗauki yaron lokacin ba awaki dusa, ta duƙa daidai fuskarsa, ta ce "akuya", ta kwaikwayi kukanta, "mee", sannan ta yi shiru ta ba shi lokaci. Wannan jiran shi ne muhimmi. In ya ce "kuya", kada a ce ya yi kuskure, a amsa masa: "I, akuya na cin dusa." A bar shi ya kira kaji ya watsa masu tsaba. Minti 10 kullum ya fi awa guda sau ɗaya a sati. A kuma hana yayye kwaikwayon mai i'ina.

Kada a bar ƙaramin yaro shi kaɗai da dabba, kada ya bi ta bayan jaki ko doki, a wanke masa hannu da sabulu in an gama. Kare ko mage ta ciji yaro ko ta yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya likita saboda ciwon haukan kare.

Kafin duk wannan, a duba kunne. Yaro yakan soma kalmar farko wajen shekara 1, ya haɗa kalma biyu wajen shekara 2. Wanda ba ya ji da kyau ba zai koyi magana ba ko da an kai masa garke guda, kuma mun san sanƙarau, baƙon dauro da kunne mai zubar da mugunya na iya taɓa ji. In ɗanku ba ya waiwayowa in an kira shi, ko ya daina faɗin kalmomin da ya iya, ku kai shi CSI mafi kusa, su za su tura ku wurin likitan kunne. Ƴan uwa da ke ƙetare, in kun kira gida ku tambayi bakin yaran, ku taimaka da kuɗin motar zuwa asibiti. Allah ya raya mana su.