Yadda 'Yan Mata Suka Kutsa Faretin Maza Har Aka Kafa Girl Guides

A ranar 4 ga Satumba, 1909, yara maza 'yan sikawut kusan 11,000 suka taru a filin Crystal Palace da ke Landan domin yi wa jagoransu, Robert Baden-Powell, fareti. Ba a gayyaci mace ko ɗaya ba. Kwatsam sai ga wasu 'yan mata sanye da huluna da ƙyallen wuya irin na maza, suka shiga layi, suka ce su ma 'yan sikawut ne, a sama musu abin yi.

Baden-Powell hafsan sojan Ingila ne. A 1907 ya kai yara maza 20 tsibirin Brownsea suka kafa sansani, a 1908 kuma ya fitar da littafinsa na koyar da aikin sikawut. Maza ya rubuta wa, amma 'yan mata suka riƙa karantawa suna gwada abin da ke ciki.

A wancan zamani mutanen Ingila da yawa suna ganin bai dace yarinya ta kwana a tanti ko ta yi tattaki a daji ba. Saboda haka aka ware wa mata ƙungiyarsu daban a 1910, aka sa mata suna Girl Guides, wato 'yan mata masu nuna hanya, aka damƙa ta a hannun ƙanwarsa Agnes. Nan suka koyi agajin gaggawa, ɗaurin igiya, karanta taswira, aika saƙo da tuta da girki a fili. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, waɗannan 'yan mata suka taimaka a asibitoci da gonaki, har hukumar leƙen asiri ta MI5 ta ɗauki wasunsu aikin kai saƙo. Masu suka sai bakinsu ya mutu.

Kafin wani lokaci ƙungiyar ta tsallake teku. A 1912 Juliette Gordon Low ta fara ta Amurka a garin Savannah da 'yan mata 18 kacal. A 1919 ta iso Legas, inda daga baya Lady Oyinkan Abayomi ta zama ɗaya daga cikin manyan jagororinta a Najeriya. A 1928 wakilan ƙasashe suka haɗu a Hangari suka kafa uwar ƙungiya ta duniya, WAGGGS, sannan a 1930 aka naɗa Olave, matar Baden-Powell, jagorar 'yan ƙungiyar ta duniya. Yau akwai mambobi kusan miliyan 10 a ƙasashe kimanin 150, kuma kowace 22 ga Fabrairu suna bikin ranar tunawa da juna.

'Yar'uwa ɗaliba, aikin bai tsaya ga fareti ranar 27 ga Mayu ba. Idan ƙawarki ta suma a taron safe, ko ƙanenki ya ƙone da ruwan zafi, wadda ta koyi agajin gaggawa ce za ta san abin yi kafin a kai asibiti. Idan makarantarku tana da reshe, je ki ba da sunanki. Idan babu, ku haɗu ku nemi malama ɗaya da za ta jagorance ku, ku kai maganar gaban shugaban makaranta. Mai nema yana tare da samu.